Dan Allah me ya sa I am having a shop kuskure ne alhali kowa haka yake faɗa?

Telar_Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ina da tambaya ta daɗe tana cina, ku yi haƙuri da tsawon bayani.

Ni tela ce a Aboabo nan Kumasi, shekara biyu kenan da uwar ɗakina ta yaye ni na buɗe ɗan shagona. Na yi WASSCE, jarrabawar gama sakandare ta WAEC, sauran darussa duk na haye amma Turanci D7 na samu, kuma kun san makarantar nas ba sa ko kallon takardar mutum in babu aƙalla C6 a Turanci da lissafi da sayans, shi ya sa bana na yi rajistar Nov-Dec, jarrabawar masu sake zama, ina so in gyara. Abin da ke ɗaure min kai shi ne ni fa ina jin Turanci, kullum da shi nake magana da kwastomomin da ba sa jin Hausa, in na shiga kasuwar Kejetia sayen yadi da zare in ba Twi ba to Turanci ne, ba wanda ya taɓa ce min bai gane ba.

Shekaranjiya na rubuta talla zan sa a status na WhatsApp, na rubuta I am having a shop at Aboabo, I am sewing all styles. Ranar kuma na tura wa wata kwastoma saƙo na ce Madam did you received the dress? Ɗan yayata da ke JHS 2, aji biyu na ƙaramar sakandare, yana zaune kan benci a shagon yana cin shinkafa da wake, sai ya leƙo wayar ya ce Anti duk ukun ba daidai ba ne, I have a shop ake cewa, I sew, did you receive. Na ce to gaya min dalili, ya ce shi dai haka ticha ya ce. Wallahi abin ya tsaya min a rai har dare, ba don yaro ya gyara min ba, na ma ji daɗi, sai don in ban san dalili ba gobe ma zan maimaita kuma ƙila irin wannan ne ya kayar da ni ban sani ba.

Ina da shago, ai ina shi ne I am, da shago kuma having a shop, to ina laifin? Rigar kuma tuni aka kai mata, abu ya riga ya wuce, me zai hana in ce received? Har masu digiri na sha ji suna cewa I am having. Dan Allah masu ilimin abin ku warware min da Hausa, littattafan da na saya da Turanci suke bayanin Turanci, sai in karanta shafi uku in rufe ban riƙe komai ba.

Ticha_Asawase:

Wa alaikumus salam 'yata, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a neman. Na daɗe ina koyar da Turanci a JHS nan Asawase, kuma waɗannan ukun da kika kawo babu shekarar da ba na fama da su a aji. Ba rashin kai ba ne, Hausarki ce a ƙarƙashin Turancin take magana.

Bari in fara da did you received don shi ya fi sauƙi, in kin kama shi kin kama da yawa. Dubi namu: na ɗinka riga, zan ɗinka riga, nakan ɗinka riga. Kalmar aikin, wadda a makarantar Arabiyya muke kira fi'ili, ko motsi ba ta yi ba, ɗinka ce dai. Ɗan ƙaramin abin da ke gabanta, na da zan da nakan, shi ke ɗauke da lokacin. To Bature hanya biyu gare shi. Wani sa'in fi'ilin da kansa yake ɗaukar lokacin a jikinsa, receive ya koma received, go ya koma went. Wani sa'in kuma sai ya kira ɗan dako ya ɗora masa, su ne did da does da will da can da must. Yanzu 'yata kin taɓa ganin kwano ɗaya a kan kayayo biyu, 'yan matan nan masu dako, a Kejetia? Kaya ɗaya kai ɗaya. Da zarar did ya shigo ya ɗauki kayan jiya, fi'ilin sai ya biyo baya hannu rabbana, babu ed babu komai. Did you receive, I did not go, she will come, he can sew. In kin lura, a nan Turanci abin da Hausa ke yi yake yi sak, ƙaramar kalma a gaba, fi'ili a zaune yadda yake. Sai in babu ɗan dako ne fi'ilin ke sunkuyawa ya ɗauka da kansa: I received it, she went home.

Haka s ɗin nan mai ba yara wahala. He sews, she sews, amma in tambaya ce s ta tashi ta koma kan ɗan dako, does she sew, she does not sew. Ba a sa ta wuri biyu.

Abu ɗaya ki kiyaye kar ki ce Malam ya ruɗa ki. Have da is da are ba sa cikin wannan ƙungiya, su nasu tsarin daban. Have you received the dress daidai ne ɗari bisa ɗari, she is sewing ma haka. Ina ma zaton daga nan ruɗanin yake zuwa, kunne ya saba jin have you received sai hannu ya rubuta did you received.

Wani abin da nakan gaya wa yara don su saki jiki, su kansu Turawa ba da wannan did aka haife su ba. In kika koma Turancin wajen shekara 400 da suka wuce za ki ga suna tambaya kai tsaye, went you, know you not, daga baya ne do ya zo ya mamaye tambaya da korewa. Shi kansa went asalinsa ba ɗan gidan go ba ne, na wani tsohon fi'ili ne wai shi wend, go ya ara bai mayar ba. Shi ya sa ba su ko yi kama ba.

To sai I am having. Inda ƙafa ta zame shi ne ɗaukar da kika yi duk inda ina take to I am ne. Ina ɗin nan tamu jaka ce babba, abu uku take ɗauka. In na kira ki a waya kika ce Malam ina ɗinki, kina nufin yanzu haka ƙafarki na kan keke. In baƙo ya ce wace sana'a kike, kika ce ina ɗinki, kina nufin abin da kike ci da shi kenan ko da ranar shagon a kulle yake. In kika ce ina da keke biyu, wannan kuma mallaka ce. Mu da ina ɗaya muka gama duka, Bature kowanne da ƙofarsa. Na farko I am sewing. Na biyu I sew, wato daidai da nakan ɗinka. Shi ya sa a talla I sew all styles ya dace, in kika ce I am sewing all styles kamar kin ce a wannan mintin duk salon duniya yana ƙarƙashin allurarki.

Na uku kuwa, akwai wasu fi'ilai da ba aiki ba ne wanda ido ke ganin mutum yana yi, hali ne da mutum yake ciki: have in mallaka ake nufi, know, want, understand, believe, belong. Waɗannan a ƙa'ida ba sa son ing. I have a shop, I know her, I want thread. Kar ki ga kamar son ran Bature ne, mu ma muna ware irinsu. Wa kika taɓa ji ya ce ina sanin sunanki? Na san sunanki muke cewa, da siffar abin da ya wuce alhali yanzu muke nufi. Na gane, na gaji, na ƙoshi, duk haka. Baturen da ya zo koyon Hausa a nan shi ma zai sha wuya. Kuma ki ji, I am having lunch daidai ne, don have a wurin ci yake nufi, ci kuwa aiki ne.

Batun jarrabawa, zatonki gaskiya ne. Insha'in da ake so ki rubuta wajen kalma 450 ne, maki 50 gare shi, 10 daga ciki na tsabtar rubutu ne, nahawu da haruffa da aya, kuma kowane kuskure rabin maki ake cirewa. Kin ga kuskure 20 ya share goman nan tas, kuma did you received ɗaya in ya zama ɗabi'ar hannu sau nawa zai fito a shafi biyu?

Ɗan_Nima:

Slm. Malam Allah ya ƙara basira, wlh misalin kayayon nan ya zauna min daram, da haka aka koya mana da ba mu sha bulala a banza ba. Amma a gafarce ni ina da ɗan ja, ba da Malam ba, da yadda muke ɗaukar abin.

Ni gyaran waya nake a Circle nan Akra, daga safe zuwa dare Turanci kala nawa nake ji, na Gana, na 'yan Najeriya, na Laberiya, ga buroka, wato Turancin kan titi, ga na 'yan jami'a, kuma kowa yana cinikinsa yana tafiya gida. Mutum zai miƙe yana fita daga shago ya ce I am coming, Bature ya ji ya ce wannan tafiya yake ko zuwa, alhali mu mun san ina zuwa ce tamu, masu Twi ma mereba suke cewa, ma'ana jira ni yanzu zan dawo. Wannan ba jahilci ba ne, harshen iyayenmu ne ya sa rigar Turanci. Abin da ya fi ci min rai shi ne a firamaren da na yi in aka kama ka kana Hausa ko Ga sai a rubuta sunanka a ce ka yi banakula, a ci ka tara ko a zane ka, sai yaro ya taso yana tsoron buɗe baki, Hausar an hana shi Turancin kuma in ya yi a yi masa dariya. Ina da abokai har yau in an ce su yi magana a taro sai gumi. Don haka 'yar'uwa kar ki bari wani ya sa ki ji kunyar yadda kike magana da kwastoma, ki ɗauka kaya biyu gare ki, na aiki da na sallah, na WAEC shi ne na sallah ki goge shi ki ajiye.

Amma gsky akwai wuri ɗaya da abin ya taɓa jawo min rigima kuma ina so ki sani don yana fitowa. Wata baturiya ta kawo min waya gilashin ya fashe, na ce ta dawo ƙarfe huɗu, kayan kuma bai iso ba. Ta dawo ta ga wayar a buɗe kan tebur ta ce you haven't fixed it? Na ce yes. Nufina e, ban gyara ba, kamar yadda in aka ce maka ba ka gama ba? sai ka ce e, ban gama ba. Sai ta zaro kuɗi ta miƙo hannu in ba ta waya. Na ce ai ban gyara ba. Ta ce to ba yanzu ka ce yes ba? Ta sake tambaya na sake cewa yes, fuskarta ta canja, ta ɗauka wasa nake mata da hankali ko ina so in riƙe wayar, har maƙwabcina ya taso ya shiga tsakani. Shi ya fahimtar da ni cewa mu maganar mai tambaya muke amsawa, in ya faɗi daidai mu ce e. Su kuwa abin da ya faru suke amsawa, in ba a yi ba no ne ko ta yaya aka juya tambayar. No, I haven't. Yes, I have. Tun ranar ba na sakin yes ko no tsirara, sai na haɗa da wutsiyarsa.

Hajiya_Alabar:

Salamu alaikum. Jikata ce ke danna min ni ina faɗa, idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan. 'Yata telar Aboabo Allah ya yi miki albarka, kin burge ni da kika tambaya, mai tambaya ba ya ɓata.

Ni atamfa nake sayarwa a Kejetia tun kafin a rushe a gina sabuwar, boko kuma da girmana na yi shi a ajin dare, don haka ba zan yi bayani irin na Malam ba. Abu ɗaya zan ƙara wanda ya fi damun mu 'yan Zango, he da she. Mahaifina Allah ya ji ƙansa fataucin goro ya kawo kakanninsa ƙasar nan, a gidanmu in ka ce yarinya ya tafi sai ya ce wace yarinya ce ya? ka sake. Amma yanzu ku saurari yaranmu a Aboabo da Sawaba da Tafo, mata na ya zo, Hajiya ya ce, an yar da kalmar ta gaba ɗaya. Tonanci ma, wato Twi, kalma ɗaya ce da su ta mace da namiji. To yaron da bakinsa bai saba raba shi da ita ba a gida, ta ina zai raba he da she a makaranta?

Ni kaina da na tashi da bambancin, zaman kasuwa ya goge min shi. Lokacin da na je wankan jego wurin 'yata a Bronx can Amurka, naƙuda ta kama ta da dare mijin yana wurin aiki, ni na bi ta asibiti. Suka shiga da ita, na je wurin nas ɗin da ke kan tebur hankalina a tashe ina cewa my child, he is inside, he is in pain, I want to see him. Baiwar Allah tana ta duba kwamfuta tana neman namiji, tana tambayata shekararsa nawa, hatsari ya yi? Minti nawa muka ɓata a haka ni ina hawaye, sai da na ce baby, baby is coming sannan ta gane ta kama hannuna ta kai ni. Daga ranar na san ƙaramar kalma ba ƙarama ba ce. Yanzu jikokina duk wanda ya ce min Anti ya zo sai ya gyara kafin in amsa, Hausar nake gyarawa amma na san Turancin ma yana gyaruwa.

Sai na kasuwa guda biyu. Mu ara ɗaya ce, na ari almakashi, ara min almakashi, shi ya sa kowa ke cewa borrow me. Su kuwa mai karɓa shi ke borrow, mai bayarwa lend yake, lend me your scissors. Kuma magani mu sha muke, ko ƙwaya ce, su take suke cewa. Likita ya taɓa gyara min wannan. Allah ya ba ki sa'a 'yata, in kin zama nas ki riƙa yi wa tsofaffi bayani da Hausa.

Ɗalibar_Tech:

Amin Hajiya, labarin nan ya taɓa ni wlh. Yaya telar Aboabo ni ma sai a zama na biyu na ci Turanci kafin in samu shiga KNUST, jami'ar da muke kira Tech nan Kumasi, don haka na san zafin D7, maki kaɗan ya raba ka da C6 amma shekara guda ta tafi.

Abin da ya fi kayar da ni shi ne I ate da I have eaten, don mu na ci ce kawai. Na ci jiya, na ci na ƙoshi yanzu, duk na ci. Yadda na raba su a kaina, in dai na ambaci lokacin, yesterday, last week, in 2020, two days ago, to have ba shi da wurin zama, I saw her yesterday. In kuwa ba lokacin ne ya dame ni ba, sakamakon ne da yake nan har yanzu, sai have, I have finished your dress, wato ga ta nan a rataye zo ki ɗauka. I have seen her yesterday kuskure ne da na yi ta yi har malaminmu na lesin ya gaji da jan layi.

Ɗan'uwansa shi ne tun. Muna cewa ina nan tun safe, sai hannu ya rubuta I am here since morning. Su a wurinsu duk abin da ya faro a baya kuma bai yanke ba have been yake ɗauka, I have been here since morning, she has been sewing since Monday. Since kuma sai da wurin farawa, safe, Litinin, 2022, azumin bara. In tsawon lokacin za ki ƙirga, awa uku, wata shida, to for ne.

A da the kuma kar su tsorata ki don muna da su ba mu lura ba ne. Na ga wata riga a Adum, rigar ta yi kyau. Wata riga ita ce a dress, rigar mai r a ƙarshe ita ce the dress, wadda ni da ke muka riga muka san da ita. Yaron, gidan, motar, duk the ne. Bambancin kawai mu muna iya sakin suna haka nan, na sayi riga, su kuwa abin da ake ƙirgawa in guda ɗaya ne ba ya fita ba hula, I bought dress ba ya yiwuwa sai a dress ko the dress ko my dress. Sannan akwai waɗanda suka ɗauka kamar ruwa ko gari ne ba a ƙirga su, advice, information, furniture, luggage, equipment, ba sa karɓar s ba sa karɓar a. Masu saita tambayoyin zaɓi suna son waɗannan sosai, in kin duba pasko, wato tambayoyin shekarun baya, za ki gan su suna dawowa.

Ranar da na yi wa babana ƙorafin go went gone da buy bought, na ce wannan wace irin wahala ce sai an haddace ɗaya ɗaya, sai ya ce in faɗa masa jam'in gida, na ce gidaje, kare, karnuka, akuya, awaki, sa, shanu, mutum, mutane. Ya ce wace doka kika bi? Na yi shiru. Ya ce da kunne kika ɗauka tun kina goye. Tun daga nan na canja yadda nake karatu, na daina haddar sunayen tensis, na koma ɗaukar jimla ɗaya mai kyau daga jaridar Junior Graphic ko Daily Graphic in rubuta a littafi, in yi ta cire kalma ina sa wata har sau goma ina faɗa da ƙarfi. Ke da kike tela ma abin zai fi miki sauƙi, kamar kwalin da kike ɗorawa kan yadi ki yanka ne, kwali ɗaya yadi kala kala. In shago ya yi hayaniya, laburaren da ke Cultural Centre akwai shiru, can na yi yawancin karatuna.

Telar_Aboabo:

Kai jama'a na rasa bakin godiya, Allah ya saka da alheri ya biya ku. Malam tun jiya nake ta faɗin kaya ɗaya kai ɗaya ina taka keke, har yarinyar da ke koyo a wurina ta ce Madam lafiya? Hajiya na gode da addu'a, in sha Allahu zan riƙe amanar. Yayana na Nima gaskiyarka, ni ma an taɓa rubuta sunana don na yi Hausa a aji. Ƙanwata ta Tech na sayi littafi ɗan sidi biyar yau na fara.

Ga tallar na sake, da saƙon kwastoma, a duba min dan Allah kar a ji nauyina:

I have a shop at Aboabo. I sew all styles for women and children. I have been sewing since two years. If you don't know where is my shop, call me. Madam, did you receive the dress? Haven't you tried it? No I haven't, haka za ta amsa in ba ta gwada ba ko?

Ticha_Asawase:

Madalla 'yata, ukun farko da suka kawo ki duk sun miƙe, amsar kwastoma ma daidai, no I haven't. Biyu suka rage, sai wani ɗan ƙarami a ƙarshe.

Since two years, koma ki karanta abin da ƙanwarki ta Tech ta rubuta, shekara biyu ƙirge ne ba wurin farawa ba, don haka for two years. In kina son since sai ki kawo shekarar da kika buɗe shagon da lambarta.

Ɗayan kuma ba wanda ya taɓo shi, laifinmu ne. Where is my shop tambaya ce tsayayya, shi ya sa is ya tsallako gaban my shop. Amma da kika cusa ta cikin wata jimla ta daina zama tambaya, sai kowa ya koma mazauninsa, if you don't know where my shop is. Mu ma muna yin haka har ma mun fi su, don kalmar muke canjawa ɗungurungum. Ina shagon yake? Amma ban san inda shagon yake ba. Yaushe za ta zo? Ban san lokacin da za ta zo ba. Yaya aka yi? Ban san yadda aka yi ba. Duk inda bakinki zai ce inda ko yadda ko lokacin da, to a Turanci kar ki juya, ɗan dako ma ba a kiransa: I don't know where she went, ba where did she go ba. Riga kuma in gwadawa a jiki ake nufi, tried it on ake cewa, ƙara on ɗin.

Ɗana na Nima ban ƙi taka ba ko kaɗan, ni kaina in na fita daga aji zan je in dawo I am coming nake ce wa yara, kuma a ajina ba a dukan kowa don ya yi Hausa, da ita ma nake buɗe musu darasin in ya cije.

'Yata ga aikin gida. Rubuto min jimla biyar kan abin da kika yi jiya a shago, biyar kan abin da kikan yi kullum, sannan ki mayar da kowacce tambaya. Ki turo nan kafin Juma'a, bayan sallar isha'i nake samun zama in duba.